Rumfa a Kasuwa, Tsaron Shago ko Hannun Dillali: Ta Wace Hanya Malami Zai Koyar ta Intanet?

Wata malama da muka taɓa aiki tare a makarantar kuɗi a Kano ta turo mini hotuna uku a WhatsApp bayan sallar isha. Na farko tallan wani kamfani ne da ke cewa malamansa na samun dala 15 a awa. Na biyu saƙo ne daga wata makarantar Alƙur'ani ta intanet da ta yi mata alkawarin ɗalibai biyar a makon farko. Na uku shafi ne da ke cewa rajista kyauta ce, ba za a taɓa mata ko kobo ba. A ƙasa ta rubuta, "Yaya, don Allah wanne ya fi biya?"

Shekarata huɗu ina koyar da lissafi da Turanci ta kwamfuta daga ɗakina, kuma na bi ta hanyoyin nan uku duka. Abin da na fara tambayarta shi ne, a cikin ukun nan, idan kin yi wata shida kina koyar da yaro, na wane ne yaron? Naki ko na kamfanin? Domin amsar wannan ita ke nuna wanda ke yanke farashi, da wanda ke ɗaukar asara ranar da ɗalibi bai zo ba, da abin da zai rage miki ranar da kamfanin ya ce ki tattara. Adadin dalar da aka rubuta a talla yana zuwa ne daga baya.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san hanyoyin nan tun kafin intanet. Akwai mai kama rumfa ya baza hajarsa, ya sa kuɗinsa, mai kasuwa ya karɓi nasa kason. Akwai mai tsaron shagon wani, kaya da farashi da masu saye duk na maigida ne, shi dai a sallame shi. Akwai kuma dillalin da zai haɗa ka da mai saye ya karɓi la'adarsa ya yi gaba, abin da ya biyo baya tsakaninku ne. A duka ukun, kamfanin zai rubuta a yarjejeniya cewa kai ba ma'aikacinsa ba ne, mai zaman kanka ne. Ma'anar wannan a aikace: babu albashin ƙarshen wata, babu hutun rashin lafiya ko na haihuwa, babu fansho, wuta da data da haraji duk a wuyanka.

Rumfa a kasuwa

Manyan kasuwannin da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar zai iya shiga su ne Preply da italki. Preply wasu 'yan Yukren ne suka kafa shi a 2012, italki kuma ya samo asali ne a Shanghai ta ƙasar Sin a 2007. Tsarinsu ɗaya ne a sama: ka buɗe shafinka, ka ɗora ɗan bidiyon gabatar da kai, ka sa farashin darasi, ka buɗe lokutan da kake da sarari, ɗalibi ya zaɓe ka cikin dubban malamai. Kuɗin ɗalibi yana hannun kamfani tun kafin darasi, don haka ba ka bin kowa bashi. Wannan kaɗai babban abu ne ga duk wanda ya taɓa yin lesin a gidan mutane ya ji "Alhaji ya yi tafiya, sai ya dawo."

Bambancin yana wurin la'ada, kuma a nan nake so a tsaya a yi lissafi da biro. A tsarin da aka san Preply da shi, kuɗin darasin gwaji na kowane sabon ɗalibi gaba ɗaya na kamfanin ne. Ka shirya, ka koyar, ba ka samu komai ba. Bayan haka yana cire 33 cikin 100 daga sabon malami, kason yana raguwa yayin da awoyinka ke taruwa, har ya sauko 18 cikin 100 bayan ka haura awa 400. A ɗauka ka sa dala 10 a darasi. A watan farko mutum 10 suka gwada ka, 3 suka tsaya, kowanne ya yi darasi 6. Darasi 18 ke nan da za a biya ka, kowanne dala 6.70, jimilla dala 120 da ɗoriya. Amma ka zauna gaban kyamara sau 28. Raba ka gani: abin da ya shigo maka a kowane zama bai kai dala 4 da rabi ba. Farashin da ka rubuta 10 ne, kuma ba a ma fara maganar kuɗin cirewa da canji ba.

Shi italki a baya ya daɗe a kan 15 cikin 100, kuma darasin gwaji ana biyan malami a kan ragin da shi ya sa. Kamfanonin nan kan sauya kasonsu, saboda haka ranar da za ka yi rajista ka buɗe shafin la'ada ka karanta da idonka. Sai dai italki harsuna kaɗai ake koyarwa a cikinsa, mai lissafi ko kimiyya ba shi da rumfa a can, alhali Preply ya buɗe ƙofa ga darussan makaranta. Kuma italki yana rufe karɓar sababbin malamai a harshen da ya cika, Turanci kuwa ya fi kowane cika, sai mutum ya riƙa leƙawa yana jiran a buɗe. Yana kuma raba malamai gida biyu: masu takardar koyarwa, da masu taya hira da atisayen magana waɗanda ba a neman takarda a wurinsu. Mai NCE ko digirin ilimi ya nemi gidan farko, don farashinsa ya fi ɗagawa.

To me Preply ke sayarwa da wannan la'ada mai nauyi? Talla. Yana zuba kuɗi sosai wurin jawo ɗalibai, kuma yana ɗora su a kan biyan kuɗi duk bayan kwana 28, wanda ke sa ɗalibin da ya tsaya ya daɗe. Sabon malami yakan fi saurin jin ƙwanƙwasa a can. A italki kason da ke hannun sabon malami ya fi yawa, amma ana iya yin makonni rumfa a buɗe ba wanda ya taya. A ganina, wanda ke da haƙurin jure wata uku na farko kuma ya iya riƙe ɗalibi bayan gwaji, Preply zai biya shi daga baya. Wanda ke koyar da harshen da masu shi ba su da yawa a kasuwa, italki ya fi masa.

A nan ne Hausa ta shigo. Idan ka shiga da Turanci, kana gogayya ne da 'yan Filifin da 'yan Afirka ta Kudu da Turawan da aka haifa cikin harshen, kuma akwai ɗaliban da suna ganin tutar ƙasarka za su wuce ba tare da sun saurari bidiyonka ba. Wannan yana da ciwo, na ji shi a jikina, amma haka kasuwar take. Idan kuwa Hausa ka kawo, masu nema ba su da yawa, masu sayarwa ma haka. Akwai 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Landan ko Jidda ko Hustan da iyayensu ke kukan harshen na kuɓuce musu, akwai masu bincike, akwai ɗaliban jami'o'in da ke koyar da Hausa irin su Hambog da Warso da Beijin, akwai matar da ta auri Bahaushe tana son ta gaisa da surukarta. Ba za su cika maka mako ba, amma wanda ya zo yakan zauna, kuma ba ya yi maka cinikin wulaƙanci. Sharaɗin shi ne ka iya koyar da ita. Jin Hausa daban, iya bayyana wa baƙo dalilin da ya sa ake cewa "motar Audu" amma "gidan Audu" daban, balle karin sauti da tsawon wasali da ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo.

Wani abu da ba a faɗa wa sabon shiga: rumfar ba taka ba ce. Taurarin yabo da ɗalibai suka ba ka, da sharhinsu, da matsayinka a jerin bincike, duk suna cikin gidan kamfanin. Idan ka yi jinkirin amsa saƙo, ko ka soke darussa, sai a tura ka ƙasa inda ba mai ganinka. Ranar da aka rufe asusunka ba ka fita da ko ɗaya daga cikinsu.

Tsaron shago

Kashi na biyu shi ne kamfanin da ke riƙe da ɗalibai, ya yanke farashi, ya ba ka wanda ya ga dama. Daɗinsa a fili yake: ba ka talla, sau da yawa ma an tanadar maka abin da za ka koyar. Cambly misali ne da aka sani, yana biyan santi 17 a minti, wato dala 10.20 a awa, sashen yara kuma santi 20, wato dala 12, ana biya duk mako ta PayPal. Amma mintin da kake magana da ɗalibi ake ƙirgawa, ba wanda ka yi kana jira ba, kuma kamfanin yana tallata malamansa a matsayin waɗanda Turanci ne harshensu na gado, don haka samun shiga daga nan ba abu ne mai sauƙi ba. Kamfanonin da ke koyar da Japanawa Turanci irin su Engoo da NativeCamp suna ɗaukar malamai daga ƙasashe da yawa, sai dai abin da suke biyan wanda ba Bature ba kaɗan ne ƙwarai. Na ɗauke su wurin koyon hannu da sabawa da kyamara, ba wurin riƙe gida ba.

Kada ka ɓata lokaci a ƙofar da ba ta buɗuwa. Wyzant na Amurka sai mazaunin Amurka. Yawancin hukumomin koyarwa na Ingila suna neman takardar binciken DBS, wadda ke nuna mutum ba shi da tarihin laifin da zai hana shi aiki da yara, da izinin aiki a ƙasar. Akwai ƙananan hukumomi da ke karɓar malaman waje da takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda, wadda a Najeriya ake nema ta shafin POSSAP, kuma su ne suka fi biya idan ka dace. Abin da suke saye shi ne sanin jarrabawarsu. Iyayen can ba "lissafi" suke nema ba, GCSE suke nema, wato jarrabawar sakandare ta can, ta hukumar AQA ko Edexcel ko OCR, ko jarrabawar shiga sakandare da yara ke yi suna shekara 10 zuwa 11. Malamin da ya ƙware a WAEC yana da ilimin, amma sai ya zauna da tsofaffin takardun jarrabawar da tsarin ba da maki, waɗanda hukumomin jarrabawar ke sakawa kyauta a shafukansu, ya san yadda ake tambaya da yadda ake maki. Wata biyu na yi ina wannan kafin na yarda na karɓi yaron farko.

Makarantun Alƙur'ani na intanet su ne suka fi kusa da mutanenmu, kuma su ne suka fi buƙatar a buɗe ido. Da yawansu daga Masar da Pakistan ake tafiyar da su, ɗalibansu kuma 'ya'yan Musulmi ne a Ingila da Amurka da Kanada. Iyaye suna biyan makarantar da fam ko dala duk wata, makarantar ta yanka wa malami abin da ta ga dama, kuma ba kasafai malamin ke sanin nawa aka biya a kansa ba. Hanya mai sauƙi: buɗe shafinsu kamar kai uba ne mai neman malami, ka ga farashin darasin minti 30, ka gwada da abin da suka ce za su ba ka. Idan rabonka bai kai rabi ba, ka san matsayinka kafin ka sa hannu. Sannan akwai batun ruwaya. Alaramman da ya taso a tsangaya ya haddace a allo galibi da Warshu ya yi, yaran Pakistan da Somaliya da ke Birmingham kuwa da Hafsu suke karatu, kuma makarantun za su tambayi ijaza da tajwidi, su so ka iya yi wa yaro bayani da Turanci. Amma Warshun ba ta rasa kasuwa ba. 'Yan Maroko da Aljeriya da ita suke karatu, kuma suna da yawa a Faransa da Beljiyam. Malamin Damagaram ko Maraɗi da ya haɗa Warshu da Faransanci yana riƙe da abin da ba kowa ke da shi ba. Ga mata kuma ƙofa ce babba, domin iyaye da yawa malama suke nema wa 'ya'yansu mata, kuma matar aure za ta yi aikinta ba ta taka ƙofar gida ba. Mai sa niƙabi ta tambaya tun farko ko dole ne a buɗe kyamara, da kuma ko ana naɗar darasin, da wanda ke kallon abin da aka naɗa.

Akwai na gida. Tuteria, wanda Godwin Benson ya kafa a Legas a 2015 kuma ya ci kyautar ƙirƙira ta Afirka ta kwalejin injiniyoyin Birtaniya a 2017, yana gwada malami kafin ya ɗauke shi, sannan ya haɗa shi da iyaye. Biyan da naira ne, wanda ba zai kai dala ba, amma manhajar karatun ita ce wadda ka sani, WAEC da NECO da JAMB, kuɗin yana shiga asusunka kai tsaye, kuma ba wanda zai wuce ka saboda lafazinka.

Haɗarin tsaron shago shi ne ranar da maigida ya rufe. A watan Yulin 2021 gwamnatin Sin ta fito da dokar rage wa yara nauyin karatu, ta hana kamfanoni ɗaukar malaman da ke zaune a waje su koyar da yaran ƙasar. VIPKid, da ke da dubun dubatar malamai daga Amurka da Kanada, kasuwarsa ta rushe cikin 'yan watanni. Malaman ba su yi laifin komai ba, wasu sun yi shekaru da yaro ɗaya, amma ba su da lambar iyayensa. Duk wanda abincin gidansa ya rataya ga kamfani ɗaya ya tuna da wannan.

Hannun dillali

Na uku ba shi da dogon bayani. Superprof, kamfanin Faransa da aka kafa a 2013 kuma yana da shafi na Najeriya, allon talla ne. Ɗalibi ne ke biyan kamfanin don ya samu damar tuntuɓar malamai, daga nan ku daidaita tsakaninku. Ɗalibin naka ne, farashin naka ne. Bin bashin ma naka ne. Ka karɓi kuɗin darussa huɗu kafin a fara, ka rubuta ƙa'idar soke darasi ka tura wa uba ya amsa da "na yarda." A kasuwa irin italki, ɗalibin da ya soke ƙasa da awa 24 kafin darasi ba ya da ikon karɓe kuɗinsa kai tsaye. A hannun dillali babu mai tsaya maka sai abin da ka rubuta.

Kafin dala ta zama tuwo

Kowace hanya ka bi, tambayi yadda kuɗin zai iso Kano ko Zinder tun kafin ka koyar da darasi ɗaya. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma shekara da shekaru asusun ɗan Najeriya turawa kawai yake yi, ba ya karɓa, kuma malamai da yawa sun tara kuɗi a kamfanin da ba shi da wata hanyar biya sai ita. Kada ka ari asusun wani a waje, kada ka buɗe da adireshin ƙarya, don ranar da aka gano za a daskarar da kuɗin. Payoneer, wata hanyar karɓar kuɗi daga waje, ita ce ta fi yi wa yawancinmu aiki, Preply da italki duka suna biya ta nan, akwai kuma irin su Grey da ke ba ka lambar asusun dala ko fam. Kowacce tana gutsurar nata a wurin cirewa da wurin canji. Gwada farashin canjinsu da na 'yan canjin Wapa a Kano a rana ɗaya, za ka ga giɓin. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, farashin dala ya tashi daga wajen naira 460 ya haura 1,500 a farkon 2024, wanda ya sa ƙaramar dala ta zama babban kuɗi a ido. Shi ya sa mutane ke karɓar dala 3 a awa suna murna. Amma data da batir da kwamfuta su ma da dalar suke tafiya, ga ƙarin 50 cikin 100 a kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. 'Yan Nijar sun fi mu kwanciyar hankali a wannan gefen, tun da sefa a ɗaure take da yuro.

Wuta kuwa ita ce ke kashe malamin Arewa a idon kamfani. Na'urar da ke lissafa darussan da ka rasa ba ta san an ɗauke wuta ba. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Ranar 14 ga Maris na shekarar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Afirka ta Yamma ta yi tsit. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Abin da ya kamata ka mallaka kafin ka buɗe jadawali shi ne kwamfutar da batirinta ke riƙe awa uku, ƙaramin sola ko batir da zai ɗauki fitila da na'urar intanet, da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Janareta ƙararsa na shiga darasi. Sannan ka tambayi kamfanin tarar da yake yi idan sabis ya yanke ana tsakiyar darasi, domin wasu suna cire fiye da kuɗin darasin.

Lokaci ma yana zaɓar maka kasuwa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Ingila, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya, kuma yaransu bayan an tashi makaranta suke karatu, daidai tsakanin la'asar da isha. Ka toshe lokacin magariba a jadawalinka tun farko, ka kuma yi tunanin buɗa-baki a azumi kafin ka ɗauki alkawarin ƙarfe shida. Ƙarfe 5 na yamma a New York ƙarfe 10 ko 11 na dare ne a nan, wanda ba zai yi wa mai fita makaranta da sassafe ba. Ƙarfe 8 na dare a Tokyo kuwa sha biyun rana ne a wurinmu, lokacin da sola ke kan ganiyarsa. Saudiyya awa biyu kawai take gabanmu.

Haraji: sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya haura kuma ana biya ko daga waje ya shigo. Ka ajiye littafin shiga da fita. Kamfanin Amurka zai iya ba ka fom ɗin W-8BEN ka cike, shaida ce kawai cewa kai ba ɗan harajinsu ba ne.

Yadda ake gane shagon da ba na zama ba

Na taɓa yi wa wata ƙaramar hukuma aiki, wadda duk harkarta a WhatsApp take. Ƙa'idarsu ita ce aikin wannan wata sai tsakiyar wata mai zuwa a biya. Na yi mako shida ina koyar da yara uku, ranar biya aka ce iyayen ɗaya sun yi ƙorafi, an riƙe kuɗin duka ana bincike. Har yau binciken bai ƙare ba. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, tsawon jiran biya bashi ne nake ba su ba tare da jingina ba. Mai biya duk mako, abin da zai iya cinye maka na mako ne. Tun daga nan ba na wuce mako biyu da sabuwar hukuma sai na ga kuɗi ya shigo.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, ko na horo, ko na "tantance takardu" kafin ya ba ka ɗalibi, rabu da shi. A Birtaniya dokar hukumomin samar da aiki ta 1973 ta haramta karɓar kuɗi daga mai neman aiki don a samo masa aiki, to wanda ya ce daga Landan yake kuma yana neman kuɗinka ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Sunan kamfanin Birtaniya ana duba shi kyauta a rajistar Companies House, na Najeriya a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Nemi abin da malamai ke faɗa a kansa, ba iyaye ba, domin kamfani na iya kyautata wa mai biya ya cuci mai koyarwa. Idan aka turo maka kuɗi fiye da ƙima aka ce ka mayar da ragowar, damfara ce tsohuwa. Gwajin minti 15 ko 20 gaban ma'aikacinsu daidai ne, amma mako guda kana koyar da yaran gaske kyauta da sunan gwaji aiki ne aka ci.

Akwai kuma masu kiran kansu hukumar koyarwa alhali aikinsu rubuta wa ɗaliban jami'a aikin gida da kundin digiri, wani lokacin har zama jarrabawa a madadinsu. Suna biya da kyau, shi ya sa suke kama mutane. Ingila ta mayar da wannan sana'a laifi a 2022. Mu kuwa ba ma buƙatar dokar Ingila, mun san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Malamin da ya sa hannu a wannan ya sayar da abin da ya sa ake ce masa malam.

Sai sharaɗin da kusan kowace yarjejeniya ke da shi: ba za ka janye ɗalibi ka koyar da shi a waje ba. Wata rana uba zai ce maka, "Malam, mu bar su mana, in riƙa biyanka kai tsaye." Za ka ji daɗin maganar, don ka san abin da ake yanka. Ni dai ra'ayina, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su suka kawo yaron, ka sa hannu, amana ce. Inda ya kamata ka yi faɗanka shi ne kafin sa hannu: wata nawa sharaɗin ke ɗaure ka bayan kun rabu, nawa ne tarar, kuma ko ya hana ka aiki da wasu kamfanoni. Wanda ya ce kai mai zaman kanka ne sannan ya hana ka koyarwa a wani wuri, ya ɗauki ikon maigida ya bar maka nauyin ɗan kasuwa. Wannan ba na sa masa hannu.

Ita malamar da ta turo hotunan hafiza ce da ruwayar Hafsu, tana da NCE a Turanci, tana da yara biyu ƙanana, kuma tana makaranta har ƙarfe biyu na rana. Tallan dala 15 na kamfanin da ba ya ɗaukar mazauna Najeriya ne, muka ajiye shi. Muka buɗe shafin makarantar Alƙur'anin muka ga abin da iyaye ke biya, muka ga kashi ɗaya cikin uku za a ba ta. Na ce ta karɓa duk da haka, amma yara uku kawai, tsakanin la'asar da magariba, bisa sharaɗin biya duk mako biyu a rubuce, don ta saba da koyar da yaron da ba ya jin Hausa kuma ta tara kuɗin batir. Asabar da Lahadi da safe ta buɗe rumfar Hausa a italki. Aikin makarantarta kuma na ce kada ta ajiye sai abin da ke shigowa ta intanet ya ninka albashinta wata uku a jere, bayan an cire data da wuta da la'ada. Ta ce to batun bidiyon gabatarwa fa, ita ba ta taɓa magana da kyamara ba. Muka sa ranar Asabar in je da makirufo, maigidanta ya riƙe mana wayar.